Makin Manhaja Ya Sauya, Takardu Ba Su Sauya Ba: Nazarin Wani Lamari a Karkarar Daura

Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna kusan mutum rabin miliyan ne ke kamuwa da cutar a ƙasar nan duk shekara, kuma da yawansu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suka rage jiran mara lafiya, suka koma bin sa kasuwa-kasuwa da ƙauye-ƙauye da ƙaramar na'urar ɗaukar hoton ƙirji, wadda har a baya ana iya goya ta. Ɗaukar hoton ba wuya. Mai karanta shi ne babu, domin likitocin da suka ƙware a wannan fanni ba su da yawa, 'yan kaɗan ɗin kuma suna manyan asibitocin birane. Ta nan ƙirƙirarriyar basira ta shigo aikin. A watan Maris na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince manhajar kwamfuta ta tsaya a madadin mutum wajen duba hoton ƙirji don tace masu tarin fuka, ga 'yan shekara 15 zuwa sama.

Manhajar ba ta yanke hukuncin cewa wane yana da cutar ko ba shi da ita. Maki take bayarwa, a wasu manhajojin daga 0 zuwa 100, gwargwadon yadda huhun ya yi kama da na mai tarin fuka. Masu gudanar da shiri su ke sa haddi: wanda makinsa ya kai lamba kaza a karɓi kakinsa a kai gwajin GeneXpert, na'urar da ke gano ƙwayar cutar a cikin kaki, wanda bai kai ba a sallame shi. Idan aka sauke wannan lamba ƙasa za a kama masu cutar da yawa, amma kayan gwaji za su ƙare a kan masu lafiya, ga shi kowane gwaji guda dala 7.97 ne tun ragin da aka yi a 2023, ban da kuɗin mai da na kai samfuri. Idan aka ɗaga ta za a yi tsimin kuɗi, a kuma sallami masu cuta su koma cikin iyalansu suna tari. Mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa irin wannan gwajin tacewa a 2014 shi ne ya kama aƙalla 90 cikin 100 na masu cutar, ya kuma wanke aƙalla 70 cikin 100 na marasa ita. Ita da kanta ta ce babu lamba ɗaya da za ta dace da ko'ina, dole kowane shiri ya daidaita haddinsa da mutanen da yake dubawa.

Abin da ya faru

Wata ƙungiya mai yaƙi da tarin fuka tana da tawaga da ke zagaya ƙauyukan ƙasar Daura, daga wajen Mai'adua zuwa Zango da Baure. A cikin tawagar akwai mai ɗaukar hoto, da direba, da mai shela, da wata ma'aikaciyar lafiya da ke riƙe da rajista da robobin karɓar kaki. Ranar kasuwa ce babbar ranarsu, don a nan ake samun manomi da dillali da baƙon da ya ƙetaro daga Matamaye ko Magarya, duk a layi ɗaya. An rubuta musu haddin maki a takarda, an manna ta a jikin akwatin na'urar, da shi suka saba aiki.

Ana cikin haka faifan ɗaukar hoton ya sami matsala, aka kai na'urar birni gyara. Mai gyaran ya yi aikinsa, ya kuma ɗora sabuwar sigar manhajar a kan kwamfutar, kamar yadda kamfani ya umarci wakilansa su yi wa duk na'urar da ta shigo hannunsu. Da aka dawo da ita mai ɗaukar hoto ya lura launin allon ya ɗan sauya, ya ɗauka kwalliya ce kawai. Takardar da ke manne a jikin akwati tana nan da tsohuwar lambarta.

Ma'aikaciyar rajista ce ta fara jin wani abu ba daidai ba, kuma ba a kan allo ta gani ba, a cikin kwali ta gani. Robobin kakin da a da suke ƙarewa kafin la'asar sai ga shi ana komawa gida da fiye da rabinsu. Ta gaya wa shugaban tawagar: "Ranka ya daɗe, robobin nan fa ba sa ƙarewa kamar da." Amsar da ya ba ta ba ta rashin hankali ba ce. Damina ta sauka, mutane suna gona, masu zuwa kasuwa a irin wannan lokaci galibi masu ƙarfi ne, kuma wasu ƙauyukan an riga an tace su a baya. Akwai ma wanda ya yi murna cewa cutar ce ta fara ja da baya. Aka ci gaba da aiki haka har tsawon makonni.

Wani dattijo mai sayar da hatsi ne ya warware zancen. Ya zo da tarin da ya haura wata guda, ga rama, ga gumin dare. Na'ura ta ba shi makin da bai kai haddi ba. Ma'aikaciyar ta ce masa, "Baba, na'ura dai ba ta ga abin tsoro ba, amma tarin nan naka bai kwanta mini a rai ba. Daure ka ba mu kaki." Ya ce, "Ɗiyata, tunda inji ya ce lafiya lau, mene ne na wahalar da ku?" Da ƙyar ta shawo kansa, ta tuna masa cewa gwajin kyauta ne, maganin ma kyauta ne, kuma ƙa'idar ƙasa ita ce duk mai tarin da ya kai mako biyu a gwada kakinsa. Sakamako ya fito da tarin fuka. Aka ɗora shi a kan maganin wata shida.

Maganar dattijon nan abin tsayawa a kai ce. Ba shi kaɗai ya yarda da inji fiye da jikinsa ba, tawagar ma ta fara sakaci da tambayar alamomi saboda ta saba na'ura ce ke zaɓo wanda za a gwada. Da rana ce mai cunkoso, layi ya yi tsawo, da wuya a tsaya lallashin mutumin da allo ya riga ya sallama.

Daga nan jami'in da ke sa ido kan aikin ya yi abin da ya kamata a ce an yi tun ranar da na'urar ta dawo. Ya ɗebo tsofaffin hotunan da aka adana, na mutanen da gwajin kaki ya riga ya tabbatar da cutarsu, ya sake bi da su ta sabuwar sigar. Hoto ɗaya, huhu ɗaya, amma makin ya sauko, har wasunsu suka faɗo ƙasan haddi. Kamar a sauya wa mai awo tiya da dare ne, a kawo masa wadda ta fi girma, shi kuwa ya wayi gari yana ƙirga awonsa da tsohon lissafi.

Da aka tuntuɓi kamfanin, amsarsa a shirye take. Sabuwar sigar ta fi tsohuwar iya rarrabe mai cuta da mai lafiya, sai dai ma'aunin makinta daban ne, don haka dole a sake daidaita haddi. Kuma ya aika da wannan bayani ta imel zuwa babban ofishin ƙungiyar. Gaskiya ya faɗa, saƙon yana nan, cikin Turancin injiniyoyi, a akwatin wani jami'in sayen kaya wanda bai san nauyinsa ba. Irin wannan ba a Daura aka fara ganinsa ba. Masu bincike a Afirka ta Kudu sun gwada sigogi daban-daban na manhaja guda a kan hotuna iri ɗaya, suka tarar kowace siga tana buƙatar nata haddin. Wani babban bincike a birnin Dhaka na Bangladesh kuma ya nuna irin waɗannan manhajoji suna raguwa a ƙwazo idan aka zo kan tsofaffi da waɗanda suka taɓa yin tarin fuka.

Mafi wuya shi ne nemo waɗanda aka sallama a tsakanin. An sake duba hotunansu, aka fitar da sunayen waɗanda ya kamata a ce an karɓi kakinsu. Dagatai da masu unguwanni sun taimaka, limamai sun yi sanarwa bayan sallar Juma'a, sarkin kasuwa ya sa an yi cigiya. An samu wasu, an gwada su. Wasu kuwa suna kawai suka bari da sunan gari, babu lambar waya, wasu garinsu ma yana ƙetaren iyaka. Waɗannan ba a same su ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk lamarin, domin mai tarin fukan da ba ya kan magani a ɗaki ɗaya yake kwana da 'ya'yansa.

Wa za a kai wa ƙara

Da aka zauna rubuta rahoto sai aka tarar duk takardun na'urar cikakku ne. Akwai lasisin hukumar kula da makamashin nukiliya ta ƙasa, NNRA, wadda aikinta shi ne tabbatar da cewa hasken na'ura ba ya cutar da mara lafiya ko ma'aikaci. Akwai shaidar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, wadda ake nema kafin a shigo da injuna ƙasar nan. Akwai lambar rajistar NAFDAC, hukumar da tun 1993 take kula da abinci da magunguna da na'urorin asibiti, rajistar da ke yin shekara biyar. Ga kuma tambarin CE na Turai a jikin akwati, alamar cewa kaya ya cika sharuɗɗan kasuwar Turai. Babu takarda ɗaya ta jabu, babu wadda wa'adinta ya ƙare.

To amma abin da ya lalace ba ya cikin ko ɗaya daga cikin takardun da ke hannun tawagar. Hasken bai wuce kima ba, wuta ba ta kama kowa ba, faifan yana ɗaukar hoto tsaf. Alaƙar da ke tsakanin sigar manhaja da lambar da ke manne a akwati ce ta tsinke. Ma'aikaciyar lafiya ta san yadda ake kai rahoton maganin da ya yi wa mutum illa, NAFDAC har manhajar waya ta fitar domin haka. Amma babu wanda ya taɓa koya mata inda ake kai rahoton manhajar da makinta ya sauya, balle ta san cewa wannan ma illa ce da ake kai rahotonta.

A ɗaya gefen akwai masu kula da fasahar zamani. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, tana nan tun 2001. Ma'aikatar sadarwa da tattalin arzikin zamani, ƙarƙashin minista Bosun Tijani, ta fitar da daftarin manufar ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira a watan Agustan 2024. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, sashe na 37 kuma ya ba mutum 'yancin kada inji shi kaɗai ya yanke masa hukuncin da zai taɓa rayuwarsa sosai, ya nemi ɗan'adam ya sa baki. Wannan sashe ya dace da halin dattijon nan ƙwarai. Sai dai doka ce ta kare bayanai, ba ita za ta auna ko manhaja tana kama 90 cikin 100 na masu cuta a Baure ba.

Yadda Turai ta ɗaure zancen

Tarayyar Turai ta fuskanci wannan tambaya, ta zaɓi hanyar da ta cancanci mu duba da kyau. Dokarta ta ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, a kan tsohon tsarin kiyaye lafiyar kayayyaki aka gina ta, wanda da shi ake tantance injuna da kayan wasan yara da na'urorin asibiti. Doka tana faɗin abin da ake buƙata a dunƙule, kwamitocin ƙwararru su rubuta ƙa'idojin fasaha dalla-dalla, kamfanin da ya bi ƙa'idojin a ɗauka ya cika doka, sannan ya manna tambarin CE. Sashe na 6 ya ce idan ƙirƙirarriyar basira ita ce kayan, ko tana cikin abin da ke kiyaye lafiyar kayan, kuma dama doka ta wajabta wani mai zaman kansa ya tantance shi, to ta shiga rukunin masu babban haɗari. Manhajar da ke duba hoton ƙirji a nan ta faɗa, tunda dokar na'urorin asibiti ta 2017 ta riga ta sa irinta a wannan mataki. Kuma ba tantancewa biyu za a yi ba, wanda ke duba na'urar shi zai duba basirar da ke cikinta.

Sharuɗɗan da aka ɗora sun yi daidai da wuraren da lamarin Daura ya ɓalle. Takardar bayanin amfani dole ta faɗi iyakar ƙwazon manhajar da sauye-sauyen da aka tsara yi mata. Sauyin da ya wuce wanda aka tsara tun farko yana jawo sabuwar tantancewa. Dole manhajar ta riƙa ajiye tarihin aikinta. Sashe na 10 na dokar ƙirƙirarriyar basirar ya nemi bayanan da aka horar da ita da su su yi la'akari da wurin da za a yi amfani da ita da mutanen wurin. Sashe na 14 ya ambaci halin ɗan'adam na sakankancewa da abin da inji ya faɗa, ya ce a tsara aikin yadda mai lura zai iya ƙin bin sa. Kamfani kuma zai ci gaba da bibiyar kayansa bayan sayarwa, ya kai rahoton duk mummunan lamari. A Amurka ma hukumar abinci da magunguna ta fitar da jagora a watan Disambar 2024 kan yadda kamfani zai bayyana sauye-sauyen manhajarsa tun kafin ya yi su.

Ina ganin hikimar wannan hanya, amma ba na so mu ɗauka gamammen aiki ne. An ba kwamitocin CEN da CENELEC, ƙungiyoyin tsara ƙa'idojin fasaha na Turai, aikin rubuta ƙa'idojin tun watan Mayun 2023, wa'adin Afrilun 2025 ya wuce ba su kammala ba. Sharuɗɗan da suka shafi na'urorin asibiti an sa musu 2 ga Agustan 2027, sai ga hukumar zartarwar Tarayyar a watan Nuwamban 2025 tana ba da shawarar a ɗage. Abin da ya fi shafarmu kuwa shi ne, ita dokar, kasuwar Turai take karewa. Tambarin CE ba ya shaida cewa an gwada manhaja a kan ƙirjin mai fasa dutse ko matar da ta yi shekara talatin tana hura wutar ice, kuma babu jami'in Turai da zai bi sawun na'urar da ke aiki a Kongolam, bakin iyakarmu da Nijar.

Abin da ke hannunmu

Ra'ayina shi ne kada mu kafa wata sabuwar hukuma da za ta riƙa ba ƙirƙirarriyar basira takardarta daban, na'ura kuma tata daban. Takarda ta biyar ba za ta hana abin da ya faru ba, sai dai ta ƙara wa mai shigo da kaya layi. Duk ƙudurin da Majalisar Tarayya za ta amince da shi ya kamata ya bar manhajar da ke cikin na'urar asibiti a hannun mai rajistar na'urar, ya ƙara masa ƙwararru da kuɗin aiki, NITDA da hukumar kare bayanai su kawo abin da suka sani ta wannan ƙofa guda. Ƙa'idojin fasahar ma ba sai mun ƙirƙiro daga tushe ba. Akwai ISO 14971 kan tantance haɗarin na'urorin asibiti, da IEC 62304 kan yadda ake ginawa da sabunta manhajarsu, da ISO/IEC 42001 ta 2023 kan tafiyar da ƙirƙirarriyar basira. SON mamba ce a ISO, ƙungiyar tsara ƙa'idojin inganci ta duniya, tana da damar ɗaukar su ta mayar da su na ƙasa, ta ƙara abin da yanayinmu ke buƙata, irin zafi da ƙurar hunturu da aiki inda babu intanet.

Abin da ƙa'idojin waje ba za su yi mana ba shi ne gwaji a kan mutanenmu. Jihar Katsina tana da asibitin koyarwa na tarayya, tana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Dutsin-Ma. Ba abu ne da ya fi ƙarfinsu ba su tara hotunan ƙirji na mutanen jihar waɗanda gwajin kaki ya tabbatar da sakamakonsu, da yardar masu su, a goge sunaye, ya zama duk sabuwar siga sai ta bi ta kansu kafin ta fita ƙauye. Jami'in sa ido ya yi irin wannan gwaji da hotunan da ke kwamfutarsa, bayan ɓarna ta riga ta auku. Haddin maki kuma bai kamata ya zama zaɓin kamfani ko na mai gyara ba. Hukunci ne a kan rai da kuɗin jama'a, don haka shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa ne ya dace ya sa shi, a rubuta shi tare da lambar sigar da ya dace da ita, ta yadda idan ɗaya ta sauya ɗayar ta faɗi.

Ita ƙungiyar ta gyara abin da za ta iya. Yanzu a saman kowane shafin rajista ana rubuta lambar siga da haddin maki, mai ɗaukar hoto yana duba su da safe kafin a kira mutum na farko. An hana mai gyara ɗora komai sai da sa hannun jami'in sa ido. A sabuwar yarjejeniya an sa sharaɗin cewa sanarwar sauyi ta iso tawagar da ke fili, cikin harshen da za ta fahimta. Tambayar alamomi ta dawo gaban ɗaukar hoto, mai tarin mako biyu ana karɓar kakinsa ko nawa na'ura ta ba shi.

Daidaita haddi na gaskiya dai har yanzu ba a yi ba. Yana buƙatar a ɗauki wani lokaci ana gwada kakin duk wanda aka ɗauka hoto, mai babban maki da mai ƙarami, kafin a san lambar da ta dace da mutanen yankin, kuma babu wannan kuɗi a kasafin ƙungiyar. Ta nema daga masu tallafa mata. Kafin ya samu, an sauke haddin ƙasa bisa abin da tsofaffin hotuna suka nuna, wanda ya sa kayan gwajin wata guda ba sa kai ƙarshen wata, tawagar ta rage ranakun fita.